Firintar 3D mai sauƙin kuɗi a karkarar Kano da Jigawa: inda take cijewa da yadda ake shawo kanta

Duk wanda ya kawo ƙaramar firintar 3D garin Bichi, Ɗambatta, Ringim ko wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, ya sani cewa maƙeranta ba da irin ɗakinsa suka yi lissafi ba. Sun ƙera ta da tunanin ɗaki mai sanyi, marar ƙura, inda wuta ba ta yankewa. A nan kuwa rufin kwano ne, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da laimar Agusta, da wutar da ba ta sallama in za ta tafi. Mafi yawan abin da sabon hannu ke kira lalacewar na'ura daga waɗannan yake fitowa, sai kuma rashin saita faranti, wato shimfiɗar da na'urar ke buga abu a kanta. Kafin a kwance sukuru ko ɗaya, nan ya kamata a fara dubawa.

Aikin na'urar ba shi da sarƙaƙiya. Zaren roba mai kaurin milimita 1.75 yana naɗe a kan gare, wani ƙaramin giya mai haƙora yana tura shi cikin tiyo zuwa kai mai zafi, ya narke, ya fito ta nozul mai ramin milimita 0.4. Kan yana zagayawa yana zuba robar hawa bisa hawa, kamar yadda magini ke ɗora ƙasa zagaye bayan zagaye idan yana ginin rumbu, kowane hawa kaurinsa kamar milimita 0.2. Scott Crump ne ya ƙirƙiro dabarar a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, amma ba ta yi araha ba sai da wa'adin haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2009, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa. Ender 3 ta kamfanin Creality na birnin Shenzhen a Sin, wadda ta fito a 2018, jikar wannan aiki ce, kuma da ita za a riƙa misali a nan domin kayan gyaranta sun fi na kowace yawa. Tana buga abin da bai wuce milimita 220 a faɗi, 220 a tsawo, 250 a tsaye ba. Sababbi irin su Ender 3 V3 SE ta 2023 suna auna farantinsu da kansu, sai dai mafi yawan sauran matsalolin ɗaya ne.

A fara da wuta, don ita ce ke iya kashe na'ura tun ranar farko. A jikin akwatin wutar tsofaffin samfura akwai wani ɗan jan maɓalli mai lamba biyu, 115 da 230. Wutar Najeriya 230V ce. Idan yana kan 115 aka jona, akwatin zai ƙone nan take. A duba shi kafin a sa fulogi, musamman in na'urar ta hannu ce daga Amurka.

Akwatin yana bayar da 24V, ƙarfinsa kamar wat 350, amma ba kullum na'urar ke jan haka ba. Lokacin ɗumama ne take jan wuta sosai, kusan wat 270 zuwa 300 na 'yan mintuna, domin farantin shi kaɗai yana cin sama da 200, hitar nozul kuma 40. Da zafi ya kai, sai jan ya sauka zuwa wajen 100 zuwa 130. Aikin awa shida ke nan zai ci kamar kashi bakwai cikin goma na yunit ɗaya. Batir mai ruwa na 12V, 200Ah, a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma rabin haka ake iya ja ba tare da an gajarta masa kwana ba, inbata ma tana cin nata. Saboda haka batir ɗaya lafiyayye zai kai aikin awa shida zuwa takwas in ba a haɗa shi da firji ko fanka ba. Mai sola ya fi samun sauƙi idan ya ɗumama farantin da hantsi, lokacin da rana ke cika batir.

Ƙaramin janareta, irin wanda ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, shi ne mafi munin zaɓi. Wutarsa hawa take tana sauka, kuma da wani ya kunna abu mai nauyi a layin sai allon firinta ya ɗauke ya dawo. In babu makawa, a sa na'urar riƙe wuta ta kwamfuta a tsakani, ko da ta minti biyar ce, ta isa a canza layi. Gaskiya ne na'urar tana da tsarin ci gaba daga inda ta tsaya bayan ɗaukewar wuta, amma kada a dogara da shi. Idan faranti ya huce, abin da ake bugawa yakan saki, kuma da ya motsa ko da rabin milimita ne aikin ya tashi. Ko bai saki ba, wurin haɗin yakan zama tabo mai rauni.

Sai maganar as, wato wayar da ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Gidaje da shaguna da yawa a karkara waya biyu kawai aka ja musu, babu ta ƙasa. Alamar ita ce jikin ƙarfen na'urar ya riƙa ɗan tsikarar hannu. Wannan ba abin sabawa ba ne. A kira mai wayarin ya kafa sandar as a wuri mai danshi ya haɗa ta da soket ɗin.

Hawan farko shi ne rabin aikin. Idan robar ba ta kama faranti ba, nozul zai ci gaba da zuba ta a iska, ka dawo ka tarar da curin zare a cukurkuɗe. Tazarar da ake nema tsakanin nozul da faranti kamar milimita 0.1 ce, kaurin takardar A4 ke nan. Ana ɗumama faranti zuwa digiri 60, nozul zuwa 200, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, saitin da aka yi a sanyi ƙarya ne. A goge robar da ta maƙale a bakin nozul, a umarci na'urar ta koma mazauninta, a saki motocinta daga allo domin a iya tura kan da hannu. Sai a kai shi saman kowace kusurwa, a zura takarda, a juya dunƙulen da ke ƙarƙashin farantin har takardar ta riƙa gogar nozul tana wucewa da ɗan tirjiya. Kusurwa huɗu ne, kuma taɓa ɗaya yana motsa sauran, don haka sai an zagaya sau biyu ko uku, sannan a gwada tsakiya.

Ido ne ke yanke hukuncin ƙarshe. A tsaya a kalli layukan farko suna sauka. Idan sun fito zagaye kamar taliya, da rata tsakaninsu, kuma yatsa na iya ture su, nozul ya yi nisa. Idan sun yi siriri har ana hango faranti ta cikinsu, gefensu ya yi kaushi, giya kuma ya fara ƙas-ƙas, ya matse da yawa. Daidai shi ne layi ya ɗan baje, ya manne da na kusa da shi, saman ya yi sumul. Ana iya juya dunƙulen kaɗan-kaɗan na'urar tana cikin aiki, kwata ɗin juyi ma yana da yawa.

Idan yau an saita gobe ya kwance, ba farantin ne da laifi ba. Ko dai sifirin ɗin da ke ƙarƙashi sun yi sako-sako, sai a matse su duka zuwa kusan rabi a sauko da makunnin tsayawa na gefen hagu daidai da haka. Ko kuma tayoyin da farantin ke gudu a kai suna rawa. A kama farantin a girgiza. In ya yi motsi, a duba ƙarƙashi, a gefe ɗaya akwai noti mai kusurwa shida wanda raminsa ba a tsakiya yake ba. Juya shi da sifanar da ta zo cikin kwali yana matso da taya jikin ƙarfe. A matse har rawar ta tafi amma yatsa na iya juya tayar da ɗan ƙarfi. Irin wannan noti yana jikin kai da jikin sandar da ke hawa sama, kuma rashin saita shi ne ke sa wasu su yi wata guda suna zargin nozul.

Maiƙon hannu ma yana hana kamu. Wanda ya ci ƙuli ko awara ya dafa faranti ya gama da wurin. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, ko a goge da sifirit mai ƙarfi irin wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi. Siririyar shafa ta gam ɗin sanda na 'yan makaranta tana taimakawa.

Bangaren kwamfuta gajere ne. Ana samun zane a shafuka irin su Thingiverse da Printables, ko a zana da FreeCAD wadda ba ta buƙatar intanet, abin da ke da amfani inda sabis ke wahala. Manhajar Cura ko PrusaSlicer ce ke yanka zanen hawa-hawa ta fitar da fayil ɗin da na'urar ke karantawa. Ga mai farawa da robar PLA: nozul 200 zuwa 210, faranti 60, hawa 0.2, gudu milimita 50 a daƙiƙa, hawan farko 20, ciko (robar da ke cike cikin abin) kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, bango (layukan da ke zagaye shi) uku. Duk ɓangaren da ya karkata fiye da digiri 45 ba komai a ƙarƙashinsa yana buƙatar tokari. A canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya taɓa zafi da gudu da ciko a tare ba zai san wanne ya yi magani ba. Memorin da ake kai wa na'urar fayil ɗin a ciki kuma a tsara shi a FAT32, kada ya wuce 32GB, sunan fayil gajere ba tare da ɗ ko ƙ ba don allon yakan nuna su a birkice. Memorin jabu yakan sa na'ura ta tsaya cak a tsakiyar aiki ba dalili.

Ƙarar ƙas-ƙas daga wajen giya ita ce kukan da aka fi ji, ma'anarta giya yana turawa zare ya ƙi gaba. Dalilan suna da yawa, kuma gara a bi su daga mai sauƙi. Zaren ya harɗe a kan gare? Nozul ya matse faranti? Zafi ya yi ƙasa? In duk babu, a ɗaga hannun da ke danna zare jikin giya a leƙa ƙarƙashinsa. A tsofaffin Ender 3 na roba ne, yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai bugu ya riƙa fitowa da ramuka kamar soso. Na alminiyam ake sayowa a maye gurbinsa. Don tabbatarwa, a auna milimita 120 daga bakin giya a yi wa zare alama, a umarci na'urar ta tura 100. Ya kamata 20 su rage. In 35 suka rage, akwai abin da ke zamewa ko ya toshe.

Toshewar da ta fi yawa a wannan samfuri ba a cikin nozul take ba. Farin tiyon da zare ke bi yana shiga har ya dafa bayan nozul. Idan aka bar rata ko kaɗan a tsakaninsu, narkakkiyar roba takan cika wurin ta daskare ta zama ƙulli. Gyaran: a ɗumama zuwa 230, a zare zaren, a riƙe dunƙulen ƙarfen hita da sifana ana kiyaye siraran wayoyin da ke jikinsa, a kwance nozul da sifana lamba 6. A tura tiyon ya fito ta ƙasa ya kwaso dattin. In bakinsa ya yi baƙi ko ya tsuke, a yanke da reza a miƙe sak, ba a karkace ba. Sai a ɗaura nozul har ƙarshe, a sassauta shi kamar kashi uku cikin huɗu na juyi, a danna tiyo har ya tsaya, a sa ɗan makullin roba a bakin abin da ke riƙe shi, sannan a ƙarasa ɗaure nozul yana da zafi. Wannan ɗaurin na ƙarshe shi ke matse su babu rata. Kada a kai wannan tiyo sama da digiri 240 zuwa 250, lalacewa yake yana fitar da hayaƙi mai cutarwa.

Akwai kuma toshewar bazara, wadda littafin na'urar bai san da ita ba. PLA tana fara laushi tun daga digiri 55 zuwa 60. Saman kai akwai ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a gabansa, aikinsu su hana zafi hawowa sama. A ɗakin kwano da azahar ɗin Afrilu ko Mayu, iskar da fankar ke hurawa ita kanta ta kusa 45, sai zaren ya yi laushi tun bai isa wurin narkewa ba, ya kumbura ya cije. Moton giya ma yakan yi zafin da haƙoransa ke lotsa zaren maimakon tura shi. Alamarta ita ce aiki ya fara lafiya, bayan minti arba'in ko awa ɗaya roba ta daina fita, kai yana ta yawo a sama. Ba nozul za a canza ba. A mayar da aikin PLA zuwa dare ko bayan asuba, a buɗe taga, a rage zafin faranti zuwa 50, kada a rufe na'urar da komai. A tabbatar fankar gaban kai tana juyawa duk lokacin da na'urar ke kunne. Kuma bayan an gama aiki kada a kashe wuta sai nozul ya sauko ƙasa da 50, in ba haka ba fanka ta tsaya zafi ya hau.

Hunturu akasin haka yake kawowa. Iska mai sanyi tana sa gefen abu ya huce da wuri ya tsuke, kusurwoyi su ɗage daga faranti. A nan rufe taga ake yi, a kare na'urar daga iska, a ƙara gefen riƙo, wato siririn baki da ake bugawa kewaye da gindin abu, na milimita 5 zuwa 8 a manhaja. Ƙura kuwa zare take hawa ta bi shi har cikin nozul. A yanki ɗan soso a tsaga shi a maƙala a jikin zaren kafin giya, a riƙa canzawa. Tayoyi da hanyarsu busasshen ƙyalle suke so, ba mai ba. Mai da ƙura in sun haɗu sun zama abin goge ƙarfe. Doguwar sandar nan mai kama da sukuru da ke ɗaga kai ita kaɗai ake wankewa a shafa mata giris kaɗan. Fankokin akwatin wuta da na allon ƙwaƙwalwa, wanda ke sarrafa na'urar, a hure su duk mako biyu a wannan lokaci, a lulluɓe na'urar da zane idan ta huce.

Da damina, musamman Yuli da Agusta, zare yana shan laima. Za a ji ɗan tas-tas a bakin nozul, ruwa ne ke tafasa, jikin abu ya yi ƙuraje da gashi-gashi, zaren kuma ya riƙa karyewa da kansa. Bokitin fenti mai murfi da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, ya wadatar wajen ajiya. Wanda ya riga ya jiƙa a ɗora shi kan farantin na'urar a digiri 45 zuwa 50, a kifa kwali mai 'yan huji, awa huɗu zuwa shida. Shanya shi a rana kan kwano kuskure ne, zai yi laushi ya manne da juna. In zare a bushe yake amma gashin bai tafi ba, a rage zafin nozul da digiri 5, a sa ja-da-baya a manhaja, wato janye zare idan kai zai tsallaka wuri, milimita 5 zuwa 6 ga mai dogon tiyo, ko ƙasa da 1 ga wadda giyanta ke kan kai.

Idan abu ya tashi a miƙe sai daga wani hawa ya goce gefe, bel ne ya saki, ko ɗan sukurun da ke riƙe fuli jikin moto ya kwance, ko allon ƙwaƙwalwa ya yi zafi. Alanki ƙarami yana gyara biyun farko cikin minti ɗaya.

Kada a manta hita ce ke ci a digiri 200 na tsawon sa'o'i. Wasu Ender 3 na farko sun fito ba tare da kariyar da ke kashe hita idan ma'aunin zafi ya zame daga mazauninsa ba, don haka mai sayen ta hannu ya tambayi ko an sabunta mata manhajar ciki. A duba wuraren da manyan wayoyi ke shiga allon ƙwaƙwalwa, in an ga baƙi ko narkewa a tsaya. Ba a ajiye ta kusa da katifa, kara ko jarkar fetur, ba a kulle shago a bar ta tana aiki, yara kuma a nesa da nozul.

Me ya dace a buga? PLA ta yi wa kayan cikin ɗaki: siffofin lissafi da sassan jiki na koyarwa a makaranta, madannin rediyo, murfin batirin tocila, mariƙin waya na masu gyara. A bar ta a gaban mota ko a rana, za ta lanƙwashe. Abin da zai zauna a waje, kamar mariƙin wayar sola ko sassan mazubin abincin kaji, robar PETG yake so, wadda ke jure har wajen digiri 80: nozul 230 zuwa 240, faranti 70 zuwa 80, kuma lallai a shafa gam in farantin gilashi ne, domin takan kama shi har ta ɓalle da ɓallinsa. Robar ABS a bar ta, tana wari tana ɗagewa, sai da rufaffen akwati. Manoman rani na Kura ko Kadawa za su tambayi ko za a buga musu mahaɗin tiyon injin ban ruwa. Amsa ta gaskiya ita ce ruwa mai matsi yakan sami hanya tsakanin hawa da hawa, na kasuwa ya fi aminci. Haka kwanon abinci ko ludayi, datti yana maƙalewa a layukan, wanki ba ya fitar da shi.

Ƙarfin abu ya dogara ga yadda aka kwantar da shi. Tsakanin hawa biyu ne rauni yake, saboda haka ƙugiya a kwance ake buga ta, in aka tsayar da ita za ta ɓalle a wuya. Ƙara bango daga uku zuwa biyar ya fi ƙara ciko amfani. Rami kuma kullum yakan fito a ɗan tsuke, sai a ƙara masa milimita 0.2 zuwa 0.3 a zane, a buga ɗan guntun wurin a gwada kafin a saki aikin awa biyar.

Lissafin kuɗi manhaja ke sauƙaƙa shi, tana faɗin giram da awa tun kafin a fara. Garen kilo ɗaya na PLA kusan mita 330 ne. Abu mai giram 35 zai fito sau 28, a cire waɗanda za su lalace, a ƙara kuɗin wuta da na lokacin zane. Tun da ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yana iya tsayar da aiki har sai saƙo ya iso daga birni ko Legas, a sayo kayan gyara tare da na'urar: nozul biyar na 0.4, tiyo mita ɗaya da mariƙansa biyu, ma'aunin zafi biyu, hita ɗaya, fankar gaban kai ɗaya, da hannun giya na alminiyam. Hita da fanka a tabbatar na 24V ne. Na 12V kamarsu ɗaya a ido, amma fankar ƙonewa za ta yi, hitar kuma za ta ja ninki huɗu na ƙarfin da aka yi ta dominsa.